Neman Auta a Tsohuwar Kwamfuta

Ranar Talata da hantsi, Malama tana tsakiyar buga wa wani dattijo wasiƙar neman canjin wurin aiki, sai ta ji ana hawowa matakalar bene da gudu. Matar ƙaninta ce ta faɗo ɗakin ko sallama babu, mayafi a hannu, silifas wari daban-daban a ƙafa.

"Yaya, ma'aikatarsu ta kama da wuta."

"Ma'aikatar su wa?"

"Su Auta. Tun jiya. Ga shi nan ana ta yawo da shi a waya."

Malama ta karɓi wayar. Bidiyo ne na daƙiƙa arba'in: dogon gini a bakin teku, hayaƙi baƙi ƙirin yana tashi, mutane cikin fararen riguna da takalman roba suna gudu. Ta san ginin. Auta ya sha turo musu hotonsa tsaye a ƙofarsa, yana washe baki cikin rigar sanyi. Shekara biyu ke nan da ya tafi wata ƙasa aikin yanka kifi da shirya shi a kwali, shi da abokinsa na ƙuruciya da ake ce wa Gola. Ƙasar da nisa take, harshensu kuwa ko haruffansa ba su yi kama da na kowa ba.

Malama ta ba Auta shekara goma sha bakwai. Ita ta goye shi, ita ta kai shi makaranta, ita ta cike masa takardun tafiya a wannan ɗakin. Ɗakin a da makarantar koyon kwamfuta ce, mutum ashirin a zama ɗaya, har ana jiran layi a matakala. Da kowa ya sami waya a aljihu sai ɗalibai suka ɗauke ƙafa. Abin da ya rage mata buga wasiƙu da ɗaukar kwafi, sai tsofaffin kwamfutoci shida a jere jikin bango, masu allo mai ƙaton ƙeya, an lulluɓe su da zannuwan gado.

Dattijon ya ɗauki rabin wasiƙarsa ya ce zai dawo, Allah ya kiyaye.

Suka kira wayar Auta, a kashe. Ta Gola, a kashe. Mutumin da ya yi musu hanyar aikin ya ɗaga sau ɗaya, ya ce shi ma jira yake, daga nan wayarsa ta daina shiga. A ofishin da ke kula da ma'aikatan waje wata murya ta ce ana bincike, a yi haƙuri, a bar lambar waya. Malama ta bar lambar sau uku.

Wajen azahar wani ya turo adireshin shafin intanet cikin rukunin da iyalan ma'aikatan suka buɗe a waya. Ya ce hukumar lafiya ta garin ce take saka jerin waɗanda aka kai asibiti. Matar Auta ta buɗe a wayarta, ba ta ga komai ba sai ƙananan akwatuna da alamun tambaya. Ta danna wurin fassara, wayar ta ce babu abin fassarawa. Suka sauka ƙasa wurin mai sayar da magani, mai sabuwar kwamfutar cinya. Tasa ma farin shafi ta nuna.

Malama ta tsura wa adireshin ido, ta sa aka nuna mata cikin shafin, wato rubutun da aka gina shi da shi. Tana gani ta gane shi.

"Wannan ai tsohon gini ne. Irin wanda nake koyarwa shekara ashirin da suka wuce. Sababbin na'urori sun manta yarensa."

Ta koma sama ta yaye zanen da ke kan kwamfuta ta uku. Ta hure ƙura, ta jona waya, ta danna. Injin ya yi gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barcin rana, ya ɗauki minti huɗu kafin ya farka. Ta buɗe tsohuwar burauza, manhajar shiga intanet, ta buga adireshin harafi-harafi.

Shafin ya buɗe tsaf. Asibitoci tara, kowanne da jadawalinsa, layi bayan layi, cikin haruffan da babu wanda ya iya karanta ko ɗaya.

"To yanzu fa?" in ji matar Auta.

Tsohuwar burauzar ba ta da fassara, manyan wuraren fassara kuma sun ƙi buɗuwa a kanta. Da ƙyar Malama ta tono wani ƙaramin shafi mara ado da ya yarda, sai dai ba ya karɓar fiye da harafi ɗari huɗu a lokaci ɗaya. Ta fara da hannu: ta kwafo layi uku, ta liƙa, ta jira, ta karanta, ta koma. Matar Auta tana gefe tana rubutawa a littafi. Har rana ta yi sanyi asibiti ɗaya da rabi suka yi. Da Malama ta koma shafin farko don ta tabbatar da wani abu, sai ta tarar an sabunta shi, an ƙara mutane, layukan duk sun canja wuri.

Ta ɗora goshinta a kan tebur.

"Amarya," ta ce, don haka take kiranta duk da shekara shida da aure da yara biyu, "ɗiban ruwa muke da kwando."

Washegari ta iso shagon tun kafin telan da ke ƙasa ya buɗe nasa, da takardu huɗu cike da rubutun biro. Umarni ne da ake rubuta wa burauza ta yi aiki da kanta, masu sana'ar suna ce masa sikirif. Rabonta da rubuta irinsa ta manta. Abin da take so ba shi da yawa: ya buɗe shafin asibiti, ya yayyanka rubutun gunduwa-gunduwa, ya aika wa mai fassara, ya dawo da amsa ya ajiye ta a ƙarƙashin kowane layi, bayan minti goma ya sake.

Karo na farko bai yi komai ba. Karo na biyu ya cika allon da akwatuna. Karo na biyar kwamfutar ta sandare, ko linzamin da ake nuni da shi a allo ya ƙi motsi, sai da ta kashe ta daga bango. Waƙafi ɗaya ta manta a layi na talatin da ɗaya, ta yi kusan awa ɗaya tana nemansa, tana zagin kanta ƙasa-ƙasa.

Tana cikin haka mahaifin Gola ya hawo. Tsohon direban babbar mota ne, kowa Baba Direba yake ce masa, ya ajiye tuƙi tun da idonsa ya fara hazo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki.

"Malama, an ce injinki yana jin yarensu."

"Bai fara ji ba tukuna, Baba. Koya masa nake."

"To ni ma na zo zaman makaranta." Ya jawo kujerar ɗalibai ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa. "Ba zan dame ki ba. A gida uwarsa kallona take kamar ni na ɓoye shi."

Kafin azahar iyalai shida sun taru a ɗakin. Sikirif ɗin ya tashi wajen ƙarfe sha ɗaya, kowa ya matso, sai ga fassara tana fitowa layi-layi: Dutsen Kudu, namiji, ƙuna a baya. Ƙaramar Gada, mace, hayaƙi a huhu. Itacen Bazara, namiji, karaya.

"Su wane ne waɗannan kuma?" wata mata ta tambaya. "Har da duwatsu aka kai asibiti?"

Sunayen mutanen ƙasar ne injin yake fassarawa kamar sauran kalmomi. Wani ya yi dariya, ya kuma yi sauri ya haɗiye ta. Malama ta gyara, ta hana shi taɓa gidan suna. Sai a nan ta lura da abin da ya fi wannan muni. Layuka da yawa ba su da suna sam. Kalma ɗaya ce a wurin, wadda mai fassara ya ce tana nufin baƙo. Baƙo, namiji, sai lambar da aka ɗaura masa a hannu, sai kamanni. Takardun ma'aikatan waje suna ofishin ma'aikata, ofishin kuma ya ƙone.

Ta juyo ta fuskanci ɗakin. "Ba da suna za mu neme su ba. Kowa ya faɗa mini abin da ke jikin nasa. Tabo, karaya, haƙori, komai."

Ɗaya bayan ɗaya suka matso suna faɗa, murya ƙasa, kamar masu tona asirin gida. Wata ta ce mijinta yana da shatin tiyata a ciki. Wani ya ce ƙaninsa kunnensa ɗaya a tsage yake. Baba Direba ya ɗaga hannunsa na dama ya lanƙwasa ƙaramin yatsa.

"Haka nasa yake, a karkace. Ƙwallo ce ta karya shi yana tsaron raga, ya ɓoye mini sati biyu har ya haɗe a haka. Da na gani na so in karya masa ɗayan."

Matar Auta ta ce, "Ɗinki a gwiwar hagu. Da haƙorin gaba da ya ɓalle rabi."

"Na sani," in ji Malama. Ita ta kai shi asibiti ranar da ya faɗo daga babur.

Ta yaye sauran zannuwan. Cikin kwamfutoci shida huɗu suka tashi. Ta raba musu asibitocin, ta sa sikirif ɗin ya tsallake kowa sai layukan da ke da kalmar baƙo, in kuma ya ci karo da gwiwa ko yatsa ko kunne ko haƙori, ya shafa wa layin ruwan ɗorawa ya yi ƙara. Ɗakin ya ɗauki zafi da gurnanin injuna. Ƙarfe biyu aka ɗauke wuta, alluna huɗu suka mutu lokaci guda, wata mata ta fasa ihu kamar mutum aka kashe. Tela ya hawo da janaretansa a kafaɗa, ya ajiye a baranda, ya ce ɗinkin mutane ya jira.

Da suka dawo aiki ba a yi minti ashirin ba mai fassara ya rufe musu ƙofa. Ya ce sun yi yawan tambaya, su dawo bayan awa ɗaya.

Wannan awar ta fi kowace tsawo. Shafukan suna nan a buɗe, ana ƙara layuka a gaban idonsu, ba mai iya karantawa. Matar Auta ta sa yatsa a kan gilashin allo tana bin haruffan. "Wataƙila wannan ne," take cewa. "Ko wannan." Malama ta sa wa sikirif ɗin jinkiri, ya riƙa numfasawa daƙiƙa takwas tsakanin aike da aike. Kowace daƙiƙa da ta ƙara ji take kamar daga ran Auta take cirewa, amma ba yadda za ta yi.

Wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarsu ce.

"Auta bai kira ni ran Litinin ba."

"Layinsu ne yake da matsala, Inna."

"Yaran suna wurina tun jiya, uwarsu ta ce unguwa za ta. Wace unguwa ce ake kwana biyu ana zuwa da kumburarren ido?"

"Inna..."

"Ni na haife ki. Tun kina 'yar mitsitsiya in za ki yi ƙarya sai kin fara gyaran murya. Yanzu ma kin yi."

Malama ta faɗa mata. Inna ba ta yi kuka a waya ba. Ta ce to, ta kashe.

Ranar ba su sami kowa ba sai mai tsagaggen kunne, yana asibiti na huɗu da karaya a ƙafa, da ransa. Yayansa ya rungume allon kwamfutar har ya kusa kayar da shi. Sauran suka taya shi murna da baki, kowa zuciyarsa tana wani wuri.

Ranar Alhamis da safe Malama ta tarar da Inna a gindin matakala. Shekara biyar rabonta da hawa bene saboda ciwon gwiwa. Da zama ta hau, tana ja da baya, mataki ɗaya bayan ɗaya, ta ƙi a taɓa ta. Aka ba ta kujerar Malama mai taya. Ta kalli injunan ta ce, "Waɗannan tarkacen da nake cewa ki sayar wa masu gwangwan?"

"Su ne, Inna."

"To Allah ya yafe mini."

Ƙarfe tara da 'yan mintuna kwamfuta ta uku ta yi ƙara. Layi ɗaya ya koma ruwan ɗorawa. Malama ta karanta a fili, don ba ta yi tunanin ta fara karantawa a zuci ba:

"Lamba sittin da uku. Baƙo, namiji, shekara talatin zuwa talatin da biyar. Tsohon ɗinki a gwiwar hagu. Haƙorin gaba rabi. Ƙuna a hannaye biyu da ƙirji. Halin da yake ciki..."

Ta tsaya.

"Karanta," in ji Inna.

"Ya bar mu."

Matar Auta ta sulale daga kan benci ba ƙara, kamar an zare mata ƙashi. Mata biyu suka yi kanta da ruwa. Inna ta fara salati, tana maimaitawa, hannunta yana laluben gefen kujera. Baba Direba ya sunkuyar da kai. Ɗakin ya cika da innalillahi.

Malama ba ta motsa ba. Idonta yana kan haruffa uku na asali da ke saman fassarar. Wannan injin ne jiya ya mayar da mutane duwatsu da gadoji. Ta kwafi kalmar ita kaɗai ta aika. Amsa ta dawo: ya tafi. Ta sake haɗa ta da kalmar da ke gabanta: an kwashe.

"Ku dakata," ta ce. Ba wanda ya ji. Ta buga tebur da tafin hannu. "Na ce ku dakata!"

"'Yar nan, ki bar wahalar da kanki," in ji Inna. "Abin da Allah ya yi..."

"Inna, ki ba ni minti goma. In ya tabbata, ni zan fara kukan."

Ta sa sikirif ɗin ya ƙirga sau nawa kalmar ta fito a asibitoci tara. Sau ashirin da biyu, kuma sha tara daga ciki masu ƙuna ne. Ta ɗauki lambobinsu ta sa a neme su a sauran shafuka. Uku suka bayyana a wani asibitin daban, da ransu, ɗaya ma an rubuta yana cin abinci. Ashe kalmar ba mutuwa take nufi ba, canjin asibiti ne. Amma lamba sittin da uku ba ta fito a ko'ina ba.

"Da ransa ya bar wurin," ta ce. "Iyakar abin da na sani ke nan. Ban san inda aka kai shi ba."

Matar Auta ta farfaɗo tana kallonta kamar mai tsoron a sake ba ta abin da za a ƙwace.

Malama ta koma shafin farko ta bi shi tun daga sama har ƙasa, ta sa a fassara komai, har ƙananan rubutun gefe da a da ta sa a tsallake. Can ƙasa, kusa da lambar wayar hukumar, akwai layi biyu da ba ta taɓa kula da su ba. Ɗaya: asibitin ƙuna na babban birni. Ɗaya: waɗanda ba su tsira ba.

Ta kai linzami kan na farko. Kafin ta danna sai ga wari kamar an ƙona roba, wani abu ya yi ɗas a bayan injin, allon ya yi baƙi.

Kwamfuta ta uku ce, wadda gyararren sikirif yake ciki. Kwana uku tana aiki a zafi ba hutu. Sauran ukun tsohon kwafi ne a kansu, wanda bai san neman lamba ba, takardunta na biro kuwa ta yi musu gyara ya fi ashirin tun daga lokacin.

Ta durƙusa a ƙasa ta jawo akwatin. Sukudireba ta ɓace, Tela ya miƙo mata almakashinsa, da bakinsa ta kwance kusoshin. Gidan wutar da ke raba wa injin lantarki ne ya ƙone. Ta buɗe ɗaya daga cikin matattun biyu ta ciro nata, bai yi daidai da ramin ba, ta bar shi a waje yana lilo da wayoyinsa. Gefen ƙarfe ya yanke ta a yatsa, jini yana ɗiga a kan tabarmar roba, ba ta sani ba sai da Baba Direba ya ɗaure mata da hankicinsa. Shi ya riƙe mata fitilar waya, hannunsa ko rawa ba ya yi.

"Na kwana a daji da mota ya fi sau ɗari," ya ce. "Inji ba ya mutuwa gaba ɗaya. Wani wuri ne yake mutuwa."

Ta danna. Shiru. Ta sake matse wata waya, ta danna. Fanka ta juya.

Injin ya ɗauki minti huɗunsa yana farkawa. Ta buɗe shafin asibitin ƙuna, ta saki sikirif. Daƙiƙa takwas, layi. Daƙiƙa takwas, layi. A layi na sha huɗu ya yi ƙara. Wannan karon sai da ta karanta a zuci sau biyu.

"Lamba sittin da uku. Ɗakin kulawa ta musamman. An yi aiki a hannaye biyu. Yana numfashi da kansa. Ya buɗe ido jiya."

Sai a lokacin Inna ta yi kuka. Matar Auta ta faɗa jikin Malama har suka kusa kifar da tebur. Baba Direba ya tafa hannu yana cewa alhamdulillahi, yaron nan dama taurin rai gare shi, inda Auta yake kuwa nan Gola yake, tun suna yara ba a raba su. Ya ce bari ya sauka ya yi salla ya dawo, yanzu saura nasa.

Yana fita Malama ta buɗe ɗaya shafin, na waɗanda ba su tsira ba. Ba ta so, amma iyalai huɗu suna zaune a bayanta. Ta rage ƙarar lasifika, ta karkatar da allon zuwa bango. Mutum talatin da ɗaya ne a jerin, bakwai baƙi. A na biyar layin ya koma ruwan ɗorawa. Namiji, dogo, shekara talatin zuwa talatin da biyar. Ƙaramin yatsan hannun dama a karkace, tsohuwar karaya. An same shi a ƙofar ɗakin sanyi na ma'aikatar.

Ta ji takunsa a matakala. Ya shigo da ruwan alwala a gemu, ya zauna a ƙaramar kujerarsa. Ya dubi allon da aka juya, ya dubi fuskarta. Bai iya karatun boko ba, amma shekara arba'in yana karanta fuskar mutane a bakin hanya.

"Faɗa mini, Malama."

Ta durƙusa a gabansa ta faɗa masa, kalma bayan kalma, yadda aka rubuta.

Ya share ruwan gemunsa. Can ya ce, "Injin nan yana kuskure. Ɗazu ma ya yi."

"Yana yi, Baba."

"To ki sake tambayarsa."

Ta sake. Ta cire sikirif, ta kwafi kalmomin da hannu ɗaya bayan ɗaya. Yatsa. Ƙarami. Dama. Ta ɗauki sunan shafin ta juya shi ta kowace fuska, ko zai ba da wata ma'ana kamar ɗazu. Bai bayar ba.

"Mai karkataccen yatsa ai ba shi kaɗai ba ne a duniya," in ji shi.

"Ba shi kaɗai ba ne, Baba."

"Amma a ma'aikatar shi kaɗai ne." Shi ya faɗa da bakinsa. Ya miƙe, ya koma ya zauna. Inna ta turo kujerarta mai taya har kusa da shi, suka zauna tare. Da la'asar Tela ya rufe shago ya raka shi gida, don kada ya shiga wurin uwar Gola shi kaɗai.

Washegari da safe suka kira asibitin ƙuna. Malama ta rubuta jimla uku ta sa aka fassara, ta nemo yadda ake furta su, ta rubuta da haruffan boko a takarda. Ni 'yar'uwar lamba sittin da uku ce. Don Allah ki kai masa waya. Ba na jin yarenku. Sau huɗu ana kashe mata waya. A na biyar wata mata ta saurara har ƙarshe, ta yi magana mai tsawo, sai ƙarar takalmi a kan siminti, ƙofa, wani inji yana ƙara a hankali.

Sai numfashi.

"Auta? Yaya ce. Ga Inna, ga Amarya. Kana ji na?"

Muryar da ta fito a shaƙe take, kamar ta tsoho. "Yaya."

"Na'am. Na'am, ƙanina."

"Hannuna... ba na jin su."

"Za su warke. Kada ka yi magana da yawa."

"Gola fa? Shi ya turo ni waje. Ya koma ɗauko wani. Ba wanda yake gane tambayata a nan."

Malama ta buɗe baki, ta ji maƙogwaronta yana shirin gyaran murya. Inna ta miƙo hannu ta karɓi wayar.

"Auta, ni ce. Ka yi wa abokinka addu'a. Ya riga mu."

Sun daɗe suna jin kukansa, da muryar matar nan tana rarrashinsa da yarenta, kafin layin ya yanke.

Malama ba ta kashe injunan ba sai bayan kwana tara, lokacin da iyali na ƙarshe ya sami labarin nasa. Biyu da rai, ɗaya babu. Ofishin da ta bar wa lamba ya kira ta a sati na uku, don ya sanar da ita cewa an gano ƙaninta.

Auta ya dawo bayan wata biyar, da yatsu bakwai, fatar hannunsa tana sheƙi kamar leda. Daga tashar mota bai wuce gida ba, ya ce a fara kai shi wurin Baba Direba. Sun daɗe a zaure su biyu, ƙofa a rufe, matarsa da Malama suna jira a mota da yaran. Da ya fito idonsa jajir, ya zauna a gaba, ya kasa jawo ƙofar motar da hannunsa. Malama ta zagayo ta rufe masa, suka tafi wurin Inna.